Babi na Bakwai: Ɗan Haya da Famfon Kicin

Wannan babi na masu zama a gidan haya ne, maza da mata, waɗanda famfon kicin ɗinsu kan yi ɗigo ko ya rage ƙarfi, su rasa abin yi tsakanin jiran mai gida da biyan mai gyara. Kada kowa ya karaya, domin a ajujuwan da na koyar na ga dattawan da ba su taɓa riƙe sifana ba sun iya wannan aiki a zama biyu. Ku karanta a hankali, inda kuka tsaya kuma ku koma baya ku sake, babu kunya a cikin maimaitawa.

Darasi na 1: Rufe ruwa

Kafin hannunku ya taɓa famfo da niyyar gyara, sai kun rufe ruwa. Rufe kan famfon da kuke yi bayan wanke-wanke daban ne, abin da nake nufi a nan shi ne makullin da ke jikin bututu, wanda masu gyara ke kira bawul. Ku bi bututun da ido tun daga famfo zuwa inda ya fito. A wasu gidaje makullin yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a wasu yana bayan bangon kicin ta waje, a wasu kuma sai an je gindin tankin ruwa.

Makullin iri biyu ne. Akwai mai dogon hannu, sau da yawa ja ko shuɗi: idan hannun ya kwanta ya bi tsawon bututu, ruwa a buɗe yake, idan kuwa ya gitta bututun, ruwa a rufe yake. Akwai kuma mai kai zagayayye, wanda ake murɗawa dama, wato yadda hannun agogo ke tafiya, har sai ya tsaya.

Bayan kun rufe, ku dawo ku buɗe famfon kicin, ku tsaya kuna kallo har ruwan da ya rage a bututu ya gama zuba. Idan ya tsaya cak, kun rufe makullin da ya dace. Idan bai tsaya ba, wani makullin kuka rufe, sai ku koma ku nemi na gaskiya. Ku faɗa da bakinku sau uku: a rufe makulli, a buɗe famfo, a jira ruwa ya tsaya.

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, saboda haka zan daɗe a kai. Mutum yakan ce, ai yau ba a kawo ruwa ba, famfo a bushe yake, me zan rufe? Wata ɗaliba ta taɓa yin haka: ta kwance famfo da rana, ta bar shi a buɗe da niyyar sayen roba da safe, cikin dare aka kawo ruwa, kafin asuba ya jiƙa buhun garinta ya shiga ɗakin maƙwabciyarta. Ko famfo a bushe yake, a rufe makulli. Ko mai gida ya ce tanki ba komai a ciki, a rufe makulli, domin wani zai iya tayar da injin rijiyar burtsatse ba ku sani ba. Idan kuma gidan na mutane da yawa ne, makulli ɗaya ke ba kowa ruwa, ku sallama wa maƙwabta ku gaya musu tukuna, su tari abin da za su yi amfani da shi, kada kuma wani ya je ya buɗe kuna tsakiyar aiki.

Darasi na 2: Famfo mai ɗigo

Kada ku raina ɗigo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa zai iya cika jarka mai lita 20 a yini da kwana, kun kuwa san abin da kuke biyan ɗan ga-ruwa a kan jarka ɗaya. Abin da ke jawo shi galibi wata 'yar roba ce baƙa, zagayayya, da ke can cikin famfo, wadda ke toshe hanyar ruwa idan an murɗa. Yau da gobe takan cinye, musamman inda ruwa ke zuwa da yashi.

Ku tanadi sifana, da sukudireba, da tsumma, da faranti. Kun rufe makulli? Kun buɗe famfo kun ga ruwa ya tsaya? Idan ba ku yi ba, ku ajiye littafin nan ku je ku yi, sannan ku dawo.

Ku cusa tsumma a ramin da ruwan wanke-wanke ke fita, domin kada ƙaramin noti ya faɗa ciki. A saman kan famfo akwai ɗan murfi, ku ɓalle shi da bakin sukudireba, za ku ga noti a ƙarƙashinsa. Ku kwance shi ta hagu, ku zare kan. Yanzu za ku ga wani ƙarfe mai kusurwa shida. Ku kama shi da sifana ku murɗa hagu, ɗaya hannun kuma ya riƙe jikin famfon sosai, domin idan famfon ya juya tare da sifana, bututun da ke cikin bango zai iya tsagewa, wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗan haya. Duk abin da kuka cire ku jera shi a faranti bi da bi, na farko a hagu, na ƙarshe a dama, domin lokacin mayarwa daga dama za ku fara.

Robar tana ƙasan abin da kuka zaro. Ku ɗauke ta ku kai shagon masu sayar da kayan famfo a ba ku irinta. Yawancin famfunan kicin masu rabin inci ne, amma kada ku dogara da faɗa da baki, ku tafi da tsohuwar a hannu. Idan famfonku irin wanda ake juyawa kaɗan ne ya buɗe gaba ɗaya, ba za ku sami wannan roba ba, sai ku kai abin da kuka zaro dukansa a canza muku. Kafin ku fita zuwa shago, ku sake duba makulli, ku kuma gaya wa yara kada su taɓa shi.

Ku sa sabuwar roba, ku mayar da komai, ku ɗaure ta dama daidai gwargwado. Sai a lokacin ne za ku buɗe makulli, a hankali, kuna duban famfon.

Dole in faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Na sha shiga kicin na tarar an naɗe famfo da tsohuwar robar taya ko leda, wasu kuma suna matse kan famfo da filaya kullum dare. Wannan lalaci ne, kuma matsewar ita ce ke cinye robar da wuri har ta ɓata mazauninta. Na kuma gaji da jin ɗalibi ya zo yana cewa ruwa ya yi masa wanka, alhali mun maimaita maganar makulli a aji har makogwarona ya bushe. Wanda bai rufe makulli ba kada ya ce ya karanta wannan babi.

Darasi na 3: Ruwa ba ƙarfi

Idan sauran famfunan gidan suna zuba da ƙarfi, na kicin ne kawai ya rage, ku duba bakinsa. Famfuna da yawa suna da 'yar rariya a baki, inda yashi da tsatsa ke taruwa. A nan rufe famfon ya isa, amma na fi so ku rufe makulli domin hannu ya saba. Ku murɗo rariyar, ku jiƙa ta cikin ruwan lemon tsami, ku goge da tsohon buroshin haƙori, ku mayar.

Darasi na 4: Yoyo a gindin famfo

A rufe makulli, a buɗe famfo, a jira ruwa ya tsaya. Ku kwance famfon daga bututu, ku naɗa farin tef na masu gyaran famfo a kan zaren ƙarfen, wato layukan da ke gindin famfon inda yake shiga bututu, kuna bin hanyar da ake murɗawa wajen ɗaurewa, sannan ku mayar.

Darasi na 5: Abin da ba naku ba

Idan bango ya jiƙe, ko bututu ya fashe, ko makullin kansa ya ƙi rufuwa, ku sanar da mai gida ko wakilinsa. Kada ku fasa bango, kada kuma ku canza famfo da wani ba da saninsa ba. Abin da kuka saya ku karɓi rasit ku ajiye.

Aikin gida: kowa ya nemo makullin ruwan gidansu, ya rubuta inda yake a littafinsa, ya zo da shi aji mai zuwa.