Yadda ake jinyar mai babbar mura a gida lokacin hunturu

Da hazo ya sauko Kano, tari ne ta ko'ina, a sahun Asuba, a rumfunan Kwari, a cikin adaidaita sahu. Yawancinsa murar 'yan kwanaki ce. Amma akwai wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita farat ɗaya take kama mutum. Da safe yana shago lafiya lau, kafin La'asar zazzaɓi ya rufe shi, gaɓoɓi na ciwo, ga busasshen tari. Irinta ce ta zama annoba a 1918, ta shigo ta Legas, ta biyo layin dogo zuwa Arewa.

Da farko, a yi gwajin maleriya. Digon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Zazzaɓin biyu suna kama, kuma a nan mutanenmu suke ɓata kuɗi da lokaci.

In ba maleriya ba ce, a ware wa marar lafiyar ɗaki, ko aƙalla shimfiɗarsa da kofinsa. A buɗe taga da rana ko da ana sanyi. Mai jinya ta sa takunkumi, ta riƙa wanke hannu da sabulu. 'Yan dubiya su yi haƙuri, gaisuwa ta waya ta wadatar.

Sai ruwa. Kunu, farfesu, shayi da citta da lemun tsami, duk abin da zai iya haɗiyewa, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Zuma tana sassauta tari, sai dai ba a ba jaririn da bai shekara ba. Ga zazzaɓi, farasitamol. Kada a ba yaro asfirin.

Abin da ya fi damuna shi ne kafson da ake sayowa a kyamis. Amoxicillin da danginsa ba sa taɓa ƙwayar mura, kada a sha su sai likita ya ga ta rikiɗe zuwa ciwon huhu.

Mai ciki, tsoho, yaro ƙasa da shekara 5, mai asma ko ciwon suga, a kai su asibiti tun kwana biyun farko. Kowa kuwa, in numfashi ya yi wuya, ko haƙarƙarin yaro na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko zazzaɓin ya sauka ya dawo da ƙarfi, a nufi Asibitin Murtala, yaro kuma Hasiya Bayero, ko da tsakar dare ne.