Yadda ake shirya doki don fim ɗin yaƙi

Shaƙuwar da ake gani tsakanin soja da dokinsa ba a gaban kyamara take farawa ba. Makonni kafin ɗauka, jarumin zai riƙa zuwa barga da kansa, ya ba dokin dusa, ya goge masa jiki, har dokin ya san muryarsa da warinsa. In aka tsallake wannan, doki zai maƙale kunnuwa baya, mai kallo kuwa ya gane.

Sai ƙarar bindiga. A fara harbi daga nesa yana cin abinci, da harsashi marar kai da albarushi kaɗan, a riƙa matsowa kullum. A toshe masa kunne da auduga. Ainihin rugugin a kwamfuta ake ƙarawa. Gaggawa ce ke ɓata aikin: dokin da ya firgita sau ɗaya, tutsu zai riƙa yi.

Faɗuwa ta fi wuya. A haƙa wurin, a tsince duwatsu, a cika da yashi mai laushi. Mahayi ya zare ƙafa daga likkafar hagu, wadda ake yi da roba, ya ja linzami dama, dokin ya kwanta ta hagu. Horon kan ci watanni. A da, waya ake ɗaura wa ƙafafun gaba a fizge, dawakai da yawa suka karye, shi ya sa American Humane, ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ke sa ido a Hollywood tun 1940.