Yadda Ake Sanin Yawan Sautin MP3 da Faifan CD Zai Ɗauka

A jikin faifan CD-R da ba a ɗora wa komai ba za ka ga an rubuta lambobi biyu: 700MB da minti 80. Mutane da yawa kan ɗauka abu ɗaya ne. Kowace lamba da nata aikin, kuma wadda za ta shafe ka ta dogara ne ga yadda ka zaɓi a rubuta faifan.

Don haka kafin komai, ka duba na'urar da za a saurari faifan a ciki. Idan rediyon mota ce, duba fuskarta ko akwai tambarin MP3. In akwai, ka huta. In babu, to mai yiwuwa faifan sauti na asali kawai take ganewa, irin wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi kasuwa a 1982.

Faifan sauti na asali, wanda manhajoji ke kira Audio CD, minti yake ƙirgawa, ba ruwansa da ƙanƙantar fayil. Ko da ka kawo MP3 da aka matse ƙwarai, kwamfuta sai ta warware shi ya koma kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabayit 10 a kowane minti, sannan ta rubuta. Shi ya sa mutum zai ga fayilolinsa gaba ɗaya ba su wuce megabayit 120 ba, amma manhaja ta ce faifai ya cika. Ba ta yi ƙarya ba, mintocin ne suka haura 80. Akwai kuma wata iyaka: irin wannan faifan ba ya ɗaukar fiye da gutsuren sauti 99, to ka ga surorin Alƙur'ani 114 ba za su jeru a kansa ba ko da lokaci ya isa. Warwarewar kuma ba ta dawo da ingancin da aka zubar lokacin matsewa.

Idan na'urarka na karanta MP3, sai ka zaɓi Data CD. A nan fayil yana shiga yadda yake a matse, kuma megabayit 700 ɗin ne ma'auni. Lissafin ba shi da wuya. Danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, buɗe bayanansa, ka ga kilobit nawa yake ci a daƙiƙa. Mai 128 yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, don haka faifai guda zai ɗauki kimanin awa 12. Daga nan sauran a kai ma za ka iya yinsa: in ka raba lambar biyu, lokacin ya ninka. Mai 64 awa 24, mai 32 awa 48. In ka hau sama, mai 192 wajen awa 8, mai 320 kuwa da ƙyar ya kai awa 5.

A ganina a nan ne ake asarar faifai a banza. Muryar mutum ɗaya yana magana ba ta buƙatar 320. A ce kana da tafsirin watan azumi, zama 30, kowane zama awa ɗaya da rabi, jimla awa 45. A kilobit 32 duka zai shiga faifai ɗaya, megabayit 650 ko ƙasa kaɗan. Ni dai na fi son 64 a raba faifai biyu, domin murya ta fi fita tas a cikin ƙarar mota. A faifan sauti na asali kuwa wannan karatun zai cinye faifai fiye da 30. Kiɗa da waƙa kada a sauko da su ƙasa da 128, kalangu da ganga kan dushe.

Da ka gama lissafi, tara fayilolin a jaka (folder) ɗaya ka duba nauyinta. Ka bar sararin megabayit 10 zuwa 20, kada ka cika faifai maƙil. Sa wa sunayen lamba a gaba, 01, 02, 03, domin yawancin na'urori da jerin suna suke bi. In ka fara da 1 kawai, wata na'urar za ta sa na 10 kafin na 2.

Sai ka buɗe Windows Media Player ko Nero, ka tabbatar an saita manhajar a kan nau'in faifan da kake so, Audio CD ko Data CD, ka jawo fayilolin. Rage gudun rubutu zuwa 16x ko ƙasa, tsofaffin rediyoyi sun fi jituwa da hakan. Ka kuma umarci manhajar ta rufe faifan bayan ta gama, domin wanda aka bari a buɗe sau da yawa kwamfuta na karanta shi amma mota ta tofo shi waje. CD-R sau ɗaya ake rubuta shi, saboda haka in kana shakkar rediyon, fara gwadawa da faifai guda kafin ka ɗora wa sauran.