Yadda Ake Jinyar Wanda Ya Bugu a Kai Bayan Sallama Daga Asibiti

A unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, hatsarin babur ko faɗuwa kan kai mutum Asibitin Komfo Anokye da rauni a ƙwaƙwalwa. Ranar da aka sallame shi aikin iyali ke farawa, domin ɗinki kan warke cikin makonni, amma ƙwaƙwalwa tana buƙatar watanni, wani lokaci har shekaru.

Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruwa garau daga hanci ko kunne, ko mutuwar hannu ko ƙafa. A kira 112, lambar agajin gaggawa ta Ghana, ko a mayar da shi asibiti nan take. Dattijo ya fi buƙatar sa ido, saboda jini yana iya taruwa sannu a hankali cikin ƙoƙon kansa, ruɗewa ta bayyana bayan makonni. Kada a ba shi asfirin sai da izinin likita.

Idan farfaɗiya ta kama shi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa, kuma idan ta wuce minti 5 a nemi taimako. Wanda ba ya iya motsi a riƙa juya shi duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. A ciyar da shi a zaune, kaɗan-kaɗan, kuma a sanar da likita idan yana ƙwarewa.

Abin da ya fi wahalar da mu, a ganina, shi ne dubiya. Zumunci ne, amma mutum goma a ɗaki ɗaya, ga rediyo, ga kowa yana cewa "Baba, ka gane ni?", gajiyar da maras lafiya suke yi. A shiga bibbiyu, mai shiga ya faɗi sunansa da kansa, ya yi magana a taƙaice, ya jira amsa.

Mutum mai haƙuri yana iya komawa mai saurin fushi da mantuwa, har a fara zargin iska ko sammu, alhali sau da yawa gaban ƙwaƙwalwa, mai riƙe da hali, shi ya taɓu. Addu'a ba ta hana zuwa wurin masu koyar da motsa jiki a ranar da suka sa. A gida kuma a bar shi ya sa rigarsa da kansa, ko da zai ɓata rabin awa yana fama da maɓalli.