Yadda za ka yi yawo a birnin Luksamburg ba tare da ka kashe ko sisi a mota ba

Toh bari in fara da abin da kowa ke tambayata tun da na dawo, eh gaskiya ne, mota kyauta ce a Luksamburg, ƴar ƙaramar ƙasar nan ta Turai da babban birninta ma sunansa ke nan. Bas, jirgin ƙasa, taram (wato ɗan jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari), duk ka shiga kawai ka zauna, babu tikiti babu kwandasta mai cewa kawo kuɗinka. Tun farkon watan Maris na 2020 gwamnatinsu ta yi hakan, kuma ba wai don ƴan ƙasa kaɗai ba, har kai baƙo da ka sauka yau. Ni ranar farko wallahi a tsarge na zauna cikin taram ina ta waige-waige, jira nake wani ya dafa ni ya ce malam ina tikitinka, har na sauka ba wanda ya ko kalle ni. Sharaɗi biyu ne kawai za ka kiyaye, ka riƙe fasfo ko wani katin shaida a jikinka saboda suna da ikon tambaya, sannan a jirgin ƙasa kar ka shiga tarago mai lamba 1 a jikin ƙofa, wannan na masu biya ne, naka shi ne mai lamba 2 kuma shi ma tsaf yake ba abin da ya rasa.

Amma fa ba kuɗin mota ne zai wahalar da kai a garin nan ba, ƙafafunka ne. Garin ƙarami ne, mutanensa dubu ɗari da talatin da ɗoriya, sai dai hawa biyu ne kamar gidan bene. Tsohon gari yana saman dutse, sai ga wasu kwaruruwa masu zurfi da koguna biyu suka yanka, Alzette da Pétrusse, a can ƙasa kuma akwai unguwanni irin su Grund da Clausen da Pfaffenthal. Taswirar waya ba ta nuna maka wannan. Za ka ga ta ce wurin da za ka minti bakwai ne, ka ce ai ga shi nan kusa, ashe wurin yana ƙarƙashin ƙafarka ne ko kuma saman kanka. Ni haka ta faru da ni, na gangara Grund da yamma ina ta ɗaukar hoto a bakin ruwa, da zan koma sai na bi wata hanyar dutse mai hawa, kafin in kai sama numfashina kamar na wanda ya yi tsere da doki, ina isa kuma sai ga wasu tsofaffi da na bari a ƙasa sun riga ni suna ta hirarsu hankali kwance. Ashe lifta suka hau.

Don haka abin da za ka fara haddacewa kafin sunan kowace tasha shi ne inda liftocin suke. Ta Grund tana cikin dutse, za ka shiga wani ɗan rami mai fitilu ka tarar da ita a ƙarshe, ta haura da kai Plateau du Saint-Esprit inda kotunansu suke. Ɗayar ita ce ta Pfaffenthal wadda aka buɗe a 2016, tsayinta mita 71, gabanta gilashi ne kana hawa kana ganin kwarin gaba ɗaya, kuma a sama akwai wurin tsayawa da ƙasansa ma gilashi ne, in kana da tsoron tsayi kar ka kalli ƙafarka, na gaya maka. Duka biyun kyauta ne, har da keke ake shiga. Akwai kuma ɗan jirgin hawa tudu da suke kira funiculaire, shi yana haɗa tashar jirgin ƙasa ta Pfaffenthal-Kirchberg da taram a sama kusa da wata babbar gada da suke kira jar gada, tafiyar ba ta fi minti ɗaya da ƴan daƙiƙu ba, ka shiga kenan kafin ka gyara tsayuwa an iso.

Taram ɗin kuwa layi ɗaya ne tak, T1, shi ya sa ba yadda za a yi ka ɓata, ko dai ka yi gaba ko ka yi baya. An fara shi a Disamba 2017 suna ta ƙara masa tsawo, a Maris 2025 ya kai filin jirgin sama na Findel. Kenan kana fitowa da jakarka ka bi alama ka hau, zai ratsa da kai Kirchberg inda bankuna da ofisoshin Tarayyar Turai suke, ya tsallaka jar gada, ya sauke ka Hamilius cikin wajen rabin awa. Hamilius ɗin nan ka riƙe sunanta da kyau don ita ce bakin tsohon gari kuma basa-basai da yawa nan suke haɗuwa. In ka zarce zai bi ta gadar Adolphe ya kai ka Gare Centrale, babbar tashar jirgin ƙasa, daga nan ya wuce Bonnevoie har filin ƙwallo can kudu. Masu tasi suna nan a ƙofar filin jirgi amma ni dai ban ga dalilin ba, tsadarsu ba ta wasa ba ce, sai dai in ka sauka tsakar dare ko kana da kaya niƙi-niƙi.

Wani abu ƙarami da yake ba baƙo kunya, ƙofa ba ko yaushe take buɗe kanta ba. Akwai ɗan maɓalli mai haske a jikinta, kai za ka danna. A bas ma in ka kusa sauka ka danna maɓallin tsayawa tun kafin a iso, in ba haka ba direba zai wuce da kai in babu mai jira a tashar, kuma ba a cewa akwai ko a buga jikin mota, tsakanin tasha da tasha ko za ka yi kuka ba zai tsaya ba. In kana jira a tasha ka ga lambar bas ɗinka ta taho ɗan ɗaga hannu. Ka sauke manhajar mobiliteit.lu a wayarka, ita ce tasu ta hukuma, tana haɗa maka bas da taram da jirgi ta gaya maka saura minti nawa.

Sunaye ma suna rikita mutum saboda harsuna uku suke aiki da su, Faransanci da Jamusanci da nasu na gida. Wuri ɗaya sai ka ji suna biyu, Pfaffenthal a taswira amma a allon taram Pafendall, dandalin Place Guillaume II kuma ƴan gari Knuedler suke ce masa, nan ofishin masu yawon buɗe ido yake kuma nan ake cin kasuwar kayan lambu Laraba da Asabar da safe. Ƴan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ku kam kun huta, Faransanci ne harshen kanti da gidan abinci da direban bas. Mai Turanci ma ba zai sha wuya ba don kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna birnin baƙi ne. Ka dai koyi Moien, ita ce sannunsu, kana faɗa za ka ga fuska ta saki.

Cikin tsohon gari kuwa manta da mota, yawancin titunan na masu tafiya a ƙasa ne. Daga Hamilius zuwa Place d'Armes zuwa fadar sarkinsu zuwa dutsen Bock mai ramukan yaƙi na da, wanda UNESCO ta sa tare da tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya a 1994, duk a ƙafa za ka yi su. Dabarar ita ce ka fara daga sama, ka bi Chemin de la Corniche kana kallon rufin gidajen Grund a ƙasa, ka gangara a hankali, in ka gaji lifta ta dawo da kai. Kar ka juya tsarin. Takalmi kuma ka sa mai taushi mai riƙe ƙasa, duwatsun da suka shimfiɗa a titi in ruwa ya taɓa su santsi suke kamar an zuba kuɓewa, kuma ruwan sama a can ba ya sallama, ka sa ƴar lema a jaka ko da ka ga rana. Ka lura da hanyar keke ma, ba ta masu tafiya ba ce, kuma keken ba ya ƙara sai dai ka ji iska ta wuce ka. Akwai na haya da suke kira vel'OH masu lantarki, ana yin rajista da katin banki, rabin awar farko ba a caji, amma in ka daɗe rabonka da keke ka bar shi kawai, gangaren nan ba wurin koyo ba ne.

Lokaci ma ka duba. Sama da mutum dubu 200 ne suke shigowa ƙasar aiki kullum daga Faransa da Beljiyam da Jamus, da safe wajen bakwai zuwa tara da kuma yamma daga biyar taram da jirgi cike suke maƙil, kai da yawo ya kawo ka bari su wuce tukuna. Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, mota ma tana raguwa, ka yi sayayyarka tun Asabar. In a Disamba ka je kafin biyar na yamma duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, a Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai kusan goma saura. Masallaci akwai a Bonnevoie bayan babbar tasha, akwai kuma cibiyar Musulunci a Mamer, ɗan gari ne a yamma wanda jirgi da bas suke zuwa, abincin halal ma a kewayen tashar za ka fi samu.

In ka samu kwana ɗaya rara fita daga birnin, tunda ƙasar duka tsawonta kilomita 82 ne faɗinta 57 kuma kyautar ta shafi ko'ina. Ka hau jirgi zuwa Ettelbruck ka kama bas zuwa Vianden ka ga tsohuwar fadar da ke kan tudu, ko ka yi kudu maso gabas zuwa Schengen, ƙauyen da aka sa hannu a yarjejeniyar 1985 wadda sunanta ke jikin bizar da ke fasfonka, ɗan ƙauye ne a bakin kogin Moselle, kana tsaye kana hango Jamus a tsallake. Sai dai kyautar a bakin iyaka take ƙarewa. In Trier ta Jamus za ka ko Metz ta Faransa ko Arlon ta Beljiyam, ka tsaya wurin injin tikiti ko kantar sayarwa a Gare Centrale ka yanki naka kafin ka hau, don jirgin ba zai tsaya a iyaka ya jira ka saya ba, kuma masu dubawa suna zagayawa.