Darasi na Tara: Ƙarar da Ke Tashi a Ƙarƙashin Mota

Tsohuwar mota mai kuloci ba ta rasa ƙara, musamman wadda ke cin hanyar burji kullum, yau Maigatari ranar Alhamis, gobe Wudil ranar Juma'a, da lodi har sama. Amma akwai ƙarar da ba a bari: wani "gwaf" mai nauyi da ake ji a ƙarƙashi, kamar an buga guduma. Direbobi da yawa suna jin sa sai su ce giyabos ya tafi. Sau da yawa ba shi ba ne, kuma sauke giyabos aiki ne mai cin kuɗi.

Wani direban Golf ya kai motarsa gareji ya ce, "Maigida, ƙara take yi."

"Yaushe take yi, Malam?"

"Ko da yaushe."

"A'a. A kwana take yi, ko a gargada, ko in ka saki kuloci?"

Direba ya yi shiru, don bai taɓa lura ba. Wannan tambaya ta makanike ita ce darasinmu na yau, domin lokacin da ƙara ke zuwa shi ke nuna inda take.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki sifana ka gwada notikan taya huɗu. Girgiza salansa bayan ta huce, domin in robar da ke rataye da ita ta tsinke, takan bugi jikin mota har mutum ya ɗauka babbar matsala ce. In kuma ƙarar a rami da gargada kawai take zuwa, ko ka taka totur ko ba ka taka ba, to a duba kayan ƙafar mota, wato bushin da bol-joyin da shokozoba. Babu ruwan giya a nan.

In "gwaf" ɗin yana zuwa daidai lokacin da ka saki kuloci, ko ka ɗaga ƙafa daga totur ka sake takawa, fara zargin mauntin, wato robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu. Zafi da baƙin mai da ke ɗiga suna cinye su. Ga yadda ake gwadawa. Buɗe bonet, ja birkin hannu, sa dutse gaba da bayan taya. Sa giya ta ɗaya ka saki kuloci kaɗan kaɗan, ka mayar, sannan ka yi haka a ribas. Mai duba maka ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaban mota. In injin ya yi tsalle ya faɗo da ƙara, mauntin ya mutu.

Golf da ire-irenta da tayoyin gaba suke ja, ta hanyar shaf biyu, wato sandunan ƙarfe da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya. Kowane shaf yana da kai biyu, na waje ta ɓangaren taya da na ciki ta ɓangaren giyabos, kowane kai an rufe shi da roba cike da giris. A ƙasarmu mai yashi wannan roba ita ce ran shaf. Da ta yage, giris ya fita, rairayi ya shiga ya riƙa niƙa ƙarfe. Nemi fili, karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali. In ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a jere, kan waje ne. Na ciki kuwa yakan yi gwaf ko ya sa mota rawa in ana taka totur. A ganina, wanda ya ga roba ta yage ya ce sai bayan kaka, ya riga ya sayi sabon shaf a Ƙofar Ruwa, kuɗin ne kawai bai biya ba tukuna.

Hilux da Kanta da tayoyin baya suke turawa, suna da farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya. A sa giya a firi, a tare tayoyi da duwatsu, a murɗa farfela da hannu hagu da dama. In kuros, wato mahaɗin da ke bakin farfela, yana wasa, ko ka ga jar tsatsa kamar garin barkono a bakinsa, a canza shi a ranar. Farfela na iya faɗowa mota na gudu.

Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yashi jak nutsewa yake yi. Sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ka ƙara tokara da kututture.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake waiwayar giyabos. A zuba mansa a faranti mai tsabta a duba a rana. In akwai ɓarɓashin ƙarfe manya, to aiki ya kama.

Aikin gida: ja layi uku a littafinka, ka rubuta "rana", "giya", da "abin da nake yi". Duk sanda ƙarar ta zo a wannan mako, in ka tsaya, ka cike su. Mu karanta tare a aji mai zuwa, sannan ka kai wa makanike takardar.