Kafin ka sayi sabon famfon mai: kurakuran da ake yi wajen gyaran injin zarto

Da zarar damina ta kankama a Legas, aiki kan buɗe wa 'yan'uwanmu masu injin zarto, daga masu sare bishiyar da iska ta kayar a Agege har masu datsa gungume. Lokacin ne kuma ake yawan jin "sarƙa ta bushe, famfo ya mutu". Ni kuwa abin da ke damuna shi ne kuɗin da mutum zai zuba a sabon famfon da ke tura wa sarƙa mai alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Nuna bakin takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa, kusa da farin kwali, kada ya taɓa, ka ba shi wuta na ɗan lokaci. In mai na tafiya, za ka ga layinsa a kwalin. In babu, kashe injin, cire takobi da sarƙa, ka sake tayarwa da 'yar wuta kaɗan, ka duba ramin da mai ke fitowa a jikin injin. Yana tsattsafowa? To famfo bai yi laifi ba. Ƙaramin ramin mai na jikin takobi ne ya toshe, ko kwarin da sarƙa ke bi. Ɗanyen itace da zaren bishiyar kwakwa kan cakuɗe da mai su daskare a wurin kamar tuwo. Guntuwar waya ta isa ta kwashe su.

Sai baƙin mai. Na san man sarƙa na gaskiya da tsada, kuma bakanike a bakin titi zai ba ka galan na wanda aka juye daga mota kusan kyauta. Amma akwai garin ƙarfe a cikinsa, yana cinye cikin famfo, yana toshe matatar da ke ƙasan tanki, ga shi ba ya manne wa sarƙa. Littafin da ke zuwa da injin Stihl ma ya hana shi. In ka daɗe kana zuba shi, wanke tankin, ka zaro tiyo da matatar ka duba kafin ka zargi wani abu.

Inda aka fi asara shi ne bayan kuloci. A injunan Stihl irin MS 180 da MS 250, famfon ba ya juyawa da kansa. Akwai zoben roba mai zare, da 'yar waya a jikinsa wadda ke shiga wata tsaga a bakin kwanon kuloci. Kwano ya juya, waya ta ja zobe, zobe ya juya famfo. In zaren robar ya cinye, ko wayar ta karye, ko mai gyara ya mayar da kwanon bai saita tsagar da wayar ba, ko famfo goma ka sauya mai ba zai fito ba. Na taɓa ganin injin da aka canza wa famfo har sau biyu, ashe wayar ce kawai take zaune a gefen tsaga.

Me ke cinye zoben? Yawanci zafi. Mutum ya manta birkin sarƙa a ɗaure ya yi ta matsa wuta, ko sarƙa ta maƙale a gungume ya ƙi sassautawa. Takalman kuloci su yi ta gogar kwano har ya koma shuɗi, robar da ke bayansa ta narke. Duk kwanon da ka ga ya yi shuɗi, to ka duba zoben, ka duba ƙaramin boris ɗin da kwanon ke hawa, ka wanke shi ka shafa giris.

Wajen kwance kuloci, zarensa na hagu ne: ɓangaren da kake ɗaure sauran noti, nan yake kwancewa. Cire fulogi, ka cusa igiya mai tsabta ta riƙe fistan, bayan fistan ɗin ya hau ya rufe ƙofar hayaƙi don kada igiyar ta maƙale. Kada ka soka ƙarfe a fukafukan fanka, karyewa suke yi.

Idan sarƙa na gudu alhali injin yana silo, wato ba ka ba shi wuta ba, kada ka ci gaba da aiki da shi, ƙafarka ce a kusa. Wasu sai su yi ta murɗa kafireta har injin ya riƙa mutuwa. In ka rage silo ba ta tsaya ba, sifirin ɗin kuloci ne ya saki ko ya karye. Sauya duka sifirin ɗin gaba ɗaya, domin sabo ɗaya cikin tsofaffi ba ya riƙe takalman daidai.

Tunda ka riga ka buɗe wurin, dubi haƙoran da ke jan sarƙa. Stihl na cewa a sauya su bayan sarƙa biyu, ko in zurfin cin ya wuce rabin milimita. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa take saki.